Sanarwa ga iyalan dattawanmu game da murar da ta ɓulla a gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan'uwa, muna sanar da ku cewa gwajin asibiti ya tabbatar da murar infuluwenza a jikin wasu daga cikin dattawan da kuka ba mu amanarsu a wannan gida namu na Kumasi. Mun keɓe su a ɗakunansu suna shan magani, kuma duk wanda numfashinsa ya yi nauyi za mu garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, mu kira iyalinsa nan take.

Kada a ɗauke ta kamar murar hunturu da ake shan citta ta wuce. Jama'ar Asokore Mampong ba su manta da ƙarshen 2017 ba, lokacin da nau'in H1N1 ya shiga makarantar Kumasi Academy da ke yankinsu har ɗalibai huɗu suka rasu, alhali matasa ne masu jini a jika. Tsoho kuwa, sau da yawa jikinsa ba ya ma yin zafi. Sai dai a ga ya ƙi abinci, ko ya rikice, ko ya faɗi, kafin a ankara ciwon ya sauka a huhu, musamman ga mai ciwon suga ko na zuciya.

Saboda haka likitanmu ya ce a ba sauran dattawan da ba su kamu ba maganin oseltamivir domin kariya, ko da lafiyarsu ƙalau, sau ɗaya a rana na aƙalla mako biyu, a ci gaba har kwana bakwai bayan mutum na ƙarshe da ya kamu. Muna neman yardarku, kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon ƙoda ya tuna mana, domin akan rage musu yawan maganin.

Abin da ya fi yi mana nauyin faɗa shi ne batun ziyara. Mun san darajar dubiya, mun kuma san yadda fuskokinsu ke haske idan jikoki sun shigo bayan sallar Juma'a. Amma mutum yana iya yaɗa wannan cuta tun kwana ɗaya kafin ya ji alamarta. Muna roƙo a dakata da zuwa, sai wanda ya zama dole, shi ma ya sa takunkumi ya wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa. Kullum bayan la'asar ma'aikatanmu za su riƙa haɗa ku da su ta waya.

Allah Ya ba su lafiya, Ya kare sauran.

Wassalam,
Shugabar gida, a madadin ma'aikata