Godiya ga ma'aikaciyar tebur na uku a ofishin kamfanin layina

Assalamu alaikum.

Zuwa ga manajan ofishin da ma'aikatansa baki ɗaya.

Ban saba rubuta wa kamfani wasiƙar yabo ba. In kun ga na ɗauki alƙalami a kan maganar waya, to ƙorafi ne. Amma abin da aka yi mini a ofishinku ranar Talatar da ta wuce ya sa na ga in na yi shiru ban kyauta ba, kuma na zaɓi in faɗe shi a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na yi ta zagin kamfanin wata biyu cur.

Abin ya faro ne da harafi ɗaya. Shekara da shekaru H nake gani a saman allon wayata, kusa da sandunan sabis. Wata safiya na tashi na ga E ta maye gurbinta, kuma daga ranar komai ya tsaya cak. Saƙon murya na daƙiƙa talatin sai ya yi minti biyar yana juyawa. Kiran bidiyo da jikokina, wanda shi ne babban amfanin wayar a wurina, ya gagara: fuskar yaro ta daskare a allo baki buɗe, sai murya ta yanke, sai uwarsa ta kira ta ce, "Baba, ko dai datarka ce ta ƙare?" Data kuwa tana nan jibge, ba ta da hanyar fita, har wa'adinta ya cika aka share ta, aka sake cire mini kuɗin wata. Na kashe wayar na kunna ya fi a ƙirga. Na cire sim na goge shi da bakin riga. Na fita tsakar gida ina ɗaga waya sama kamar mai duban wata.

Mai gyara ya buɗe ta ya ce eriyar ciki ce ta mutu, ya karɓi kuɗinsa, E tana nan daram. Na kira lambar kula da masu hulɗa ta kamfaninku, kuma a nan ba zan rufa muku asiri ba: sau huɗu na sha kiɗa da talla, danna ɗaya, danna biyar, in an ɗauka a ce in kashe in kunna. Da raina ya ɓaci sai na nufi ofishin wani kamfanin, da niyyar in yi ƙaura gaba ɗaya. Saurayin da na tarar ko ɗago kai bai yi daga tasa wayar ba. Ya ce wayata ta tsufa, in sayi sabuwa a wurinsu in hau tsarin 5G marar iyaka. Ko taɓa wayar bai yi ba, balle ya san abin da ke damunta.

Haka na shigo ofishinku, da kuɗin sabuwar waya a aljihu da baƙar magana a baki. Karɓar lamba da jiran layi ba su ɗauki lokaci ba. Aka tura ni tebur na uku.

Yarinyar ba za ta wuce sa'ar autata ba. Ta ce, "Sannu da zuwa Baba, bismillah zauna." Na zazzage mata duk abin da ke cikina, har da wanda ba laifinta ba, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama sai ta yi tambayar da babu wanda ya yi mini a wata biyun nan: "Baba, wane harafi kake gani a sama da, wane kake gani yanzu?" Na faɗa mata. Ta nemi izini ta zare sim ɗin, ta ɗora shi a tafin hannunta, sai ta yi murmushi. Sim ne na tun zamanin manyan katuna, wanda aka datse da almakashi har sau biyu don ya shiga ƙananan wayoyi, gefensa duk ya yi zago-zago. Ta ce, "Baba, wayarka lafiyarta ƙalau. Wannan dattijon ne ya gaji."

Daga nan ta juya bayan wata takarda ta fara zane. Ta tambaye ni ko ina sauraron rediyo, na ce tun kafin a haife ki. Ta ce to na riga na san rabin karatun. Kamar yadda kowace tasha take da mitar da ake kama ta, kuma tasha biyu ba sa zama a mita ɗaya ba tare da hayaniya ba, haka kamfanonin waya. Kowanne yana da yankin zangon mita da hukuma ta ba shi lasisi, galibi ta hanyar gwanjo kuma na wasu shekaru ƙididdigaggu, ba zai ƙara ko taƙi ɗaya don ganin dama ba. In masu amfani suka yi yawa, dole ya kwashe tsohuwar fasaha daga fili ya dasa sabuwa wadda ta fi ɗaukar kaya. Abin da aka yi a turken sabis da ke kusa da gidana ke nan: an kashe 3G, wato H ɗina, an mayar da zangonta na megahaz 2100 ga 4G. Wayata ta iya 4G tun ranar da aka ƙera ta, amma tsohon sim ɗin bai san hanyar shiga ba, sai ya faɗo ƙasa ga 2G, wato E.

Ta zana layi biyu, ɗaya mai faɗin tudu da kwari, ɗaya mai matsattsen lanƙwasa. Na farkon, in ji ta, irin su megahaz 700 da 800 ne, suna tafiya nesa suna ratsa bango, su ne ke kai sabis har ƙuryar ɗaki. Na biyun irin su 2600 da 3500 ne, suna kwasar data da yawa amma ba sa nisa, katanga mai kauri ma tana rage musu ƙarfi. Ta duba lambar samfurin wayata a kwamfutarta ta ce tana kama 800, don haka ba sai na sake fita tsakar gida ba. Ta ba ni sabon sim da lambata ta da, ta shiga saiti ta kunna wani abu da ake kira VoLTE, wanda ke sa kiran murya ya bi ta 4G maimakon wayar ta riƙa sauka ƙasa duk lokacin da aka kira ni. Muna zaune sai ga 4G ta bayyana a allo. Ta ce in gwada. Na kira jikana a bidiyo, ya fito tar, har da giɓin haƙorin da ya faɗi ban sani ba.

Ga wurin da ya sa na rubuta wasiƙar nan. Don murna sai na ce to a sa ni a babban tsarin nan na 5G, tunda kuɗin na aljihu. Ta girgiza kai. Ta ce wayata ba ta da na'urar kama 5G, ko na biya ba zan ga bambanci ba. Ta buɗo lissafin datar da na sha a watannin da komai ke aiki, ta nuna mini ko rabin tsarin da nake kai ba na cinyewa, ta ba ni shawarar in sauka zuwa na ƙasa da shi. Ta kuma karanta mini ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar "marar iyaka", inda aka ce in ka kai wani adadi za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Na dube ta na ce, "'Yata, ba za a yi miki faɗa ba?" Ta ce, "Baba, in na sayar maka da abin da ba zai yi maka aiki ba, wurina za ka dawo." Na shiga da niyyar kashe kuɗi, na fito ana cire mini ƙasa da na da.

Da na koma gida na ɗan yi bincike, yanzu da intanet ɗin ke tafiya. Ashe abin ba a kanmu aka fara ba. An ƙaddamar da 3G a Japan a 2001, 4G a biranen Stockholm da Oslo a ƙarshen 2009, 5G kuma a Koriya ta Kudu a watan Afrilun 2019. Jamus ta rufe 3G a 2021, manyan kamfanonin Amurka suka bi baya a 2022. Zangon 700 da 800 ɗin nan ma na talabijin ne a da, sai da aka koma dijital aka samu sarari aka ba waya. Wato duk kamfanin da zai kashe 3G ya daɗe da sanin ranar na zuwa, kuma kwamfutarsa ta san sarai wane ne ke riƙe da tsohon sim.

To me ya hana a faɗa mana? Kullum wayata ba ta rasa saƙon talla: sayi waƙar kira, shiga gasa, ci bashin kati. Amma saƙo guda da zai ce "sim ɗinka ba zai yi aiki da 4G ba, zo ka canza", cikin harshen da tsoho zai gane, ban gan shi ba, in ma an turo to ya nutse cikin tallan. Kuma ba ku kaɗai ba ne, duk kanwar ja ce. Ana kafa allon talla da ƙaton 5G, ana nuna taswirar da aka shafe da launi ɗaya kamar ko'ina akwai sabis, a sa yara a tebur a ɗora musu adadin da za su sayar kafin ƙarshen wata, ba a koya musu su tambayi mutum harafin da yake gani ba. Data ta mutu a hannunka saboda aikin da kamfani ke yi a turkensa, amma a sabunta maka tsari da tsakar dare ba tare da an tambaye ka ba. Maƙwabcina ya sayi sabuwar waya a kan irin matsalata, ya zura mata tsohon sim ɗinsa, har yau E yake gani. Na ce masa ranar Litinin ya shirya, ni zan raka shi, kuma ko layi ya kai bakin titi tebur na uku za mu jira.

Ranka ya daɗe manaja, ban tambayi sunanta ba, amma ka san wadda ke zama a wurin ranar Talata da hantsi. A isar mata da godiyata, Allah ya yi mata albarka. Takardar da ta yi zanen tana nan a cikin kwalin wayata.

Naku,
Wani tsohon mai layinku