Sanarwa ga 'yan uwa mazauna ƙetare kan sauyin agogo

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke ƙetare. Ya aiki, ya iyali?

Taronmu na wata-wata ta Zoom yana nan da ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya. Agogon gida ba ya motsi, naku ne zai motsa, shi ya sa kwamiti ya ga ya dace a tunatar da ku.

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, cikin daren Asabar wayewar garin Lahadin ƙarshe na Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Daga nan 'yan Landan da Manchester za su shiga taro ƙarfe 7, na Jamus, Faransa da Italiya kuma ƙarfe 8, daidai da gida. Amurka da Kanada sai Lahadin farko na Nuwamba, don haka 'yan New York da Toronto ku lura, ƙarfe 3 na rana zai koma ƙarfe 2. Mazauna Saudiyya ba ruwanku, ƙarfe 10 ne kamar kullum.

Sababbin zuwa kan tambayi dalilin wannan wahala. A gida tsawon yini bai cika bambanta ba tsakanin damina da hunturu. A Landan kuwa, yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai kai awa 8 ba. Sai ake tura agogo gaba a watan Maris domin hasken da ke fitowa mutane na barci ya koma yamma, lokacin da aka tashi daga aiki, a Oktoba kuma a dawo da shi. Jamus ce ta fara yin haka a faɗin ƙasa a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin kwal, Birtaniya ta bi sahu a shekarar. Ko har yanzu ana samun tsimin? Su kansu Turawan suna gardama. Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar daina sauyin a 2019, maganar ta tsaya nan.

Abin da ya fi damun mu shi ne salla. Rana ba ta san an taɓa agogo ba, don haka magariba za ta riske ku da wuri, wasunku ma kuna bakin aiki. A karɓi sabon jadawali a masallaci, a kuma tambayi lokacin huɗubar Juma'a.

Waya kan gyara kanta. Agogon bango da na tsofaffin motoci sai an sa hannu.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya