Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Bin Sawun Dukiyar da 'Yan Damfara Suka Cinye Mana a Cinikin Intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya ku iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, mambobin wannan ƙungiya ta masu sayar da kaya ta intanet a garin Kaduna, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare, kamar yadda tsarinmu ya tanada. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin rahoton ma'aji, wanda za a karanta daban. Wannan takarda ta tsaya ne a kan aikin da ya cinye mafi yawan lokacinmu da kuɗin motarmu, wato ƙoƙarin dawo wa mambobi dukiyar da aka raba su da ita ta hanyar yaudara a Facebook, Instagram, WhatsApp, TikTok da Jiji, inda galibinmu muke baje kolinmu.

Kowa ya san yadda muka zo nan. Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekarar 2023, bayan sauya fasalin naira, ciniki ya koma taransfa, daga manyan shagunan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi har zuwa masu gwanjo a Kasuwar Barci da matan da ke sana'a daga cikin ɗakunansu a Rigasa da Tudun Wada. Sauƙin da hakan ya kawo ba ya misaltuwa, amma ta wannan ƙofa ce macuta suka shigo mana, kuma abin da shekarar nan ta koya wa kwamiti shi ne cewa dukiyar da ta dawo, kusan dukkanta ta waɗanda suka yi magana a ranar da abin ya faru ce, suna riƙe da shaida a hannu.

Ƙorafin da ya fi yawa a teburinmu shi ne na alat ɗin bogi. Za mu kawo misali ɗaya da izinin mai shi, ba tare da ambaton suna ba. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Unguwar Rimi ta yi ciniki da wani da ya ga kayanta a Instagram. Da yammacin Juma'a ya turo mata hoton risit, saƙo kuma ya shigo wayarta mai kama da na bankinta, ga mai keke a ƙofar gida yana ta danna oda. Da ta ce ba ta ga kuɗin sun hau ba, sai ya ce, "Haba Hajiya, matsalar netwok ce, kafin magariba za ki gani, ni ma ɗan gida ne." Ta miƙa turame shida. Har bayan isha'i asusunta yana nan yadda yake. A irin wannan hali banki ba shi da abin da zai dawo da shi, domin ko kwabo bai motsa daga ko'ina ba. Abin da ya ceci Hajiya shi ne ɗiyarta ta ɗauki hoton lambar da ke jikin keken, ita kuma ta kira sakatare a daren nan ba ta tsaya jin nauyi ba. Da safe muka je wurin shugabannin masu keke, aka nemo direban, wanda shi ma aike kawai aka yi masa, ya kai mu tashar Kawo inda ya sauke kayan. Mai rubuta webil, wato takardar shaidar aika kaya a mota, ya buɗe littafinsa, aka ga lambar mai karɓa da garin da aka nufa, aka sanar da 'yan sanda, kuma aka tare turame huɗu kafin mota ta tashi. Sauran biyun sun riga sun salwanta.

Muna so kowane mamba ya riƙe wannan bayani, domin mun maimaita shi a kowane zama: taransfar gaskiya tsakanin banki da banki galibi tana bi ta hannun NIBSS, cibiyar da ke haɗa biyan kuɗi tsakanin bankunan Nijeriya, kuma tana ɗauke da lambar shaida mai alƙaluma 30 wadda ake gani a jikin risit. Da wannan lamba banki zai iya tabbatar maka ko kuɗi sun taso ko ba su taso ba. Saƙon tes da hoton risit kuwa, yaro ma zai iya ƙera su a waya. Abin dogaro kawai shi ne ka buɗe manhajar bankinka, ko ka danna lambobin duba asusu, ka ga kuɗin da idonka kafin kaya su bar hannunka.

Shari'ar da ta fi ba mu wahala ta wani salo ce daban, kuma ita ce ta fi tayar mana da hankali, domin a cikinta mamba bai yi sakacin da kowa zai iya gani ba. Wani matashi mai sayar da wayoyi a kusa da titin Ahmadu Bello ya karɓi kuɗi na gaske, cif-cif, ya gan su a asusunsa, sai dai sunan wanda ya turo ya bambanta da na mai sayen. Da ya tambaya aka ce masa, "Yayata ce ta biya mini." Ya ba da waya. Bayan 'yan kwanaki ya je biyan dilansa sai ya tarar an sa wa asusunsa takunkumin da ma'aikatan banki ke kira PND, wato kuɗi na iya shiga amma ba sa fita. Ashe macucin ya kwashi hotunan wayoyinsa ya tallata su a wani shafi da sunansa na ƙarya, ya samu wata baiwar Allah a wata jiha, ya ba ta lambar asusun mambanmu ta biya, shi kuma ya zo ya karɓi waya. Ita ta kai ƙara tana ganin mai asusun ne ɓarawonta, kuma ba za a ga laifinta ba. Jarin yaron nan gaba ɗaya ya maƙale tsawon watanni, har ya koma tsaron shagon wani. Abin da ya wanke shi shi ne bai goge hirarsu ta WhatsApp ba, kuma yana da lambar IMEI ta wayar, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata daban, a littafin cinikinsa. Lauyan da ke taimaka mana ya gabatar da waɗannan, aka yi zaman sulhu, aka raba asarar tsakanin mutane biyu da duk cikinsu babu mai laifi, sannan aka buɗe asusun. Kwamiti bai ɗauki wannan a matsayin nasara ba, da babu ne gara ba daɗi. Daga nan muka yanke cewa mamba kada ya saki kaya idan sunan mai biya ya saɓa da na mai saye, har sai ya yi magana da mai asusun baki da baki ya ji abin da yake biya wa.

Inda kuɗin mamba ne suka fita daga hannunsa, kamar wanda aka ce an turo masa fiye da kima ya mayar da rara, ko wanda aka karɓe wa lambobi shida na WhatsApp aka yi ta roƙon abokan cinikinsa da sunansa, a nan akwai sawun da za a bi, amma sawu ne mai saurin ɓacewa. Macuci ba ya barin kuɗi su kwana. Yakan rarraba su zuwa asusu biyu ko uku, ya cire a wurin masu POS, wanda ya zo bayan mako guda kuwa ihu ne bayan hari. Tsarin da muka bi a bana shi ne a kira banki nan take, a biyo da takardar ƙorafi a rubuce a reshe, a karɓi lambar ƙorafin, a kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin banki ba ya bayyana bayanan mai asusu sai ta hanyar hukuma ko umarnin kotu. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta ba da dama a ɗaukaka ƙorafi zuwa sashensa na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma mun rubuta irin wannan takarda a madadin mambobi da dama.

Ta fuskar doka, lauyanmu ya yi mana bayani a taron bita cewa akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da kuma dokar damfara ta 2006, wadda ta umarci kotu ta sa wanda aka samu da laifi ya mayar wa wanda ya cuta dukiyarsa, ban da hukuncin da za a yanke masa. Hukumar EFCC tana da ofishi a nan Kaduna, rundunar 'yan sanda kuma tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. Gaskiyar da ya kamata mu faɗa muku ita ce wannan hanya doguwa ce, kuma ga wanda aka cuta da kuɗin turmi biyu ko kwalin turare, zirga-zirgar kan iya cin fiye da abin da ake nema. Saboda haka muka fara haɗa ƙorafe-ƙorafen da suka yi tarayya a lambar waya ɗaya ko asusu ɗaya mu shigar da su a dunƙule, kuma mun ga an fi sauraron mu a haka.

Akwai abubuwa biyu da suka ɓata mana rai daga cikin gida. Na farko, wasu mambobi sun wallafa suna da hoton mai asusun da aka tura wa kuɗi suna kiransa ɓarawo, alhali sau da yawa asusun na wani ne da aka yaudara ko aka ara, kamar dai yadda aka yi wa ɗan uwanmu mai wayoyi. Wannan zalunci ne, kuma yana iya juyewa ya zama ƙara a kan wanda ya wallafa. Na biyu, wata 'yar uwa da ta ɓoye mana asararta saboda kunyar maigidanta ta faɗa hannun masu cewa suna da hanyar dawo da kuɗi idan aka biya su kafin alƙalami, garin neman gira ta rasa ido. Iyayenmu mata, don Allah ku sani cewa ba a karanta sunan kowa a taro, kuma mun ware mata biyu a cikin kwamiti domin wadda ba ta son yin magana da namiji.

Asusun tallafin da aka amince da shi bara domin tayar da wanda jarinsa ya karye bai samu gudummawar da aka yi alkawari ba, don haka kaɗan daga masu buƙata muka iya ba rance marar ruwa, sauran suna jira. Kwamiti zai kawo shawarar mayar da gudummawar ta wata-wata domin ku yanke hukunci a kai a wannan zama. Haka kuma mun fara tattaunawa da masu rubuta webil a tashoshin Kawo da Mando kan su riƙa neman katin shaida daga duk wanda ya kawo kaya da sunan wani, amma ba a kai ga rubuta yarjejeniya ba tukuna.

Waɗanda ƙorafinsu ke gaban banki ko hukuma har yanzu, ana roƙon su kawo wa sakatare bayanin asusu na watan da abin ya faru, da hotunan hirar daga farkonta, da lambar ƙorafin da banki ya ba su, kafin zama na gaba, domin lauya zai duba fayil-fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya a ranar.

Wassalamu alaikum.

Sakatare,
a madadin Kwamitin Gudanarwa,
Kaduna.