Sake gina Labanan: a fara da kuɗin masu ajiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina a kan kiraye-kirayen da ake ta yi wa ƴan kasuwa da kamfanoni masu zaman kansu da su shiga aikin farfaɗo da tattalin arziƙin Labanan.

A watan Maris na 2025 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gyaran ɓarnar yaƙin Isra'ila da Hizbullah zai lashe dala biliyan 11, kuma daga ciki ana sa ran biliyan 6 zuwa 8 su fito daga aljihun masu zaman kansu. Ba abin mamaki ba ne, domin gwamnatin da ta kasa biyan bashinta tun Maris na 2020, wadda kuɗinta ya faɗi daga lira 1,507 a kan dala ɗaya zuwa kusan 89,500, ba ta da abin da za ta sa tubali a kan tubali da shi.

To amma su wane ne masu kuɗin da ake kira? Mafi yawansu ƴan Labanan ne da kansu, musamman mazauna ƙasashen waje, ciki har da Kwarorin da muka daɗe da sani a Kantin Kwari na Kano da kantunan Yamai. Mutanen Labanan sun tara daloli a bankunan Bairut shekara da shekaru, sai aka wayi gari a ƙarshen 2019 an toshe musu hanyar cire dukiyarsu, har ta kai a 2022 wasu suna kutsawa banki da bindiga, ba don su yi fashi ba, sai don su karɓi kuɗinsu na halak su biya wa ɗan'uwa magani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Duk taron masu zuba jari da za a kira kafin a faɗa wa masu ajiya nawa za su samu da kuma yaushe, a ganina ɓata lokaci ne.

Akwai kuma darasin kamfanin Solidere, wanda aka kafa a 1994 zamanin Firayim Minista Rafiƙ Hariri domin sake gina tsakiyar Bairut bayan yaƙin basasa. Gine-gine sun yi kyau, amma an karɓe filayen mutane aka ba su hannun jari a madadinsu, tsofaffin kasuwanni kuma suka koma kantunan masu hannu da shuni. Ɓarnar wannan karo ta fi yawa a ƙauyukan kudu da Nabatiya da unguwar Dahiya da ke kudancin Bairut, inda gidajen talakawa da gonakin zaitun suke, kuma babu kamfanin da zai ga riba a gina wa manomi ɗakin kwana. Wannan kason dole ya zauna a wuyan gwamnati da masu ba da agaji.

Ba ina cewa haɗin gwiwa ba ya aiki ba ne. Kamfanin lantarki mai zaman kansa na garin Zahle ya yi shekaru yana ba da wuta dare da rana lokacin da sauran ƙasar ke hannun masu janareta, kuma tun 2022 kamfanin jiragen ruwa na Faransa, CMA CGM, ke tafiyar da sashen kwantena na tashar ruwan Bairut bisa kwangilar shekara 10. Mu ma a nan Damagaram mun ga yadda matatar man fetur ta SORAZ ta tashi a 2011 da jarin ƴan Sin, mun kuma fahimci cewa abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ke yanke wanda zai ci moriya.

Saboda haka abin da nake jira daga Shugaba Joseph Aoun da Firayim Minista Nawaf Salam shi ne su bayyana kowace kwangila ga jama'a kafin a sa mata hannu, su kuma fitar da jadawalin mayar wa masu ajiya kuɗinsu, a fara da ƙananan masu ajiya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Birni, Zinder