Yaya, ka karanta wa Inna wannan a hankali

Rotadam, 15 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya aka ji da hidimar Sallah? Allah Ya maimaita mana. Ka zauna kusa da Inna ka karanta mata wannan takarda, kada ka tsallake ko layi ɗaya, don saboda ita na rubuta. A waya ba ta bari in kai ƙarshen magana, sai kuka.

Na tura Yuro 400 ranar Alhamis da sunanka. Ka cire 250 a sayi siminti da bulo a tayar da katangar bayan gida, a kuma ɗaga dokin ƙofar ɗakin Inna. 100 na maganin hawan jininta ne. Ragowar 50 ka kai wa mai unguwa, kuɗinmu na buhunan yashi in an tashi aikin jinga. Kada ko sisi ya shiga hannun Auta. Zan dawo kan maganarsa.

Gwaggo ta gaya mini abin da ya faru. Ɗan maƙwabcinmu da ya dawo daga jami'a ya zauna a ƙofar gida yana cewa sunan ƙasar da nake, Netherlands, ma'anarsa ƙasar ƙasƙantattu, wai har a ƙamus kalmar tana nufin duniyar matattu. Wai kuma teku na saman kanmu, rana ɗaya zai rufe mu. Tun ranar Inna ba ta barcin kirki. Yaya, kana gidan aka yi wannan, amma sai a bakin Gwaggo zan ji? Ban ji daɗi ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, har na tambayi malamar da ke koya mana yaren ƙasar ranar Talata da daddare. Ta bar darasin ta yi mini bayani a allo, na kwafe a littafina.

Sunan guntu biyu ne. Na ƙarshen, lands, yankuna ne. Na farkon, nether, tsohuwar kalmar Turanci ce da ke nufin abin da ke ƙasa da wani, wato kishiyar na sama. Ta fi shekara dubu a bakinsu, tun Turancin da ko Baturen Ingila na yau ba zai gane shi ba. Yanzu ta tsufa, ba kasafai ake jin ta a hira ba, amma tushenta na nan cikin kalmar beneath da muka haddace a firamare, wato ƙarƙashi. Mutanen nan suna cewa neder, Jamusawa nieder, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Ka tambayi Kawu na Damagaram, su da Faransanci Pays-Bas suke cewa, ma'anar ba ta canja ba.

Gaskiyar yaron guda ɗaya ce: in aka haɗa kalmar da world, Turawa na nufin duniyar matattu, don a tunaninsu na da tana can ƙarƙashin ƙasa. To amma wa ya haɗa? Shi ya haɗa. A sunan ƙasar nan babu maganar daraja, babu maganar mutuwa, maganar tudu da kwari ce kawai. Kogin Rayin yana tasowa daga duwatsun Suwizalan, ya ratsa Jamus, ya gangaro nan ya faɗa teku. A zamanin Rumawa ana kiran wani ɓangare na wannan yanki Jamus ta ƙasa, saboda ita ce a gangaren kogin.

Da ta faɗi haka sai Haɗeja ta faɗo mini. Mu ma ai haka muke. Ruwan da aka saki daga Tiga da Challawa ina yake zuwa in ba kanmu ba? Kano na sama, mu muna ƙasa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Bahaɗeje ƙasƙantacce ne don yana zaune a gangare ba. Ka ce wa Inna Hausa ma ta fi Turanci iya faɗin sunan, tunda a wajenmu ƙasa ita ce garin mutane, ita ce kuma kishiyar sama. Ina zaune a Ƙasar Ƙasa, shi ke nan. Holan da ta saba ji a rediyo sunan larduna biyu ne cikin goma sha biyu, a ɗaya daga cikinsu nake.

Maganar teku kuwa ba zan ɓoye mata ba, don in na ɓoye wani zai faɗa mata da ƙari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da tsayin teku. Akwai wani wuri kusa da mu da ya yi ƙasa da kusan mita 7. Ko filin jirgin da na sauka a Amsterdam ƙasa da teku yake. A daren 31 ga Janairu, 1953, guguwa ta fasa jingarsu, mutum fiye da 1,800 suka halaka. Har yau tsofaffinsu na ba da labarin kamar yadda mutanen Maiduguri za su riƙa ba da na ambaliyar madatsar Alau ta bara. Amma ba su tsaya jaje ba. Sun shafe shekaru fiye da arba'in suna gina madatsai a bakin teku. Na je da keke na ga na ƙarshen da aka gama a 1997, wasu ƙofofin ƙarfe biyu ne, kowace ta fi mita 200, in teku ya taso sai su rufe hanyar ruwan da ke shiga Rotadam. Na daɗe a tsaye a wurin, Yaya. Jingarmu ta 2022 nake tunawa, da hoton da ka turo mini kuna cikin ruwa har ƙugu da buhuna a ka, ni ina nan ban ɗauki ko ɗaya ba.

A nan ba a jiran damina kafin a tuna da jinga. Injuna na kwashe ruwa dare da rana, akwai hukumomin ruwa da jama'a ke zaɓa, kowane gida kuma na biyan harajinsu duk shekara. Shi ya sa nake nanata maganar katangar nan. Yanzu Yuni ne. In aka bari Agusta ta shigo, kacalla ta toshe hanyar ruwa kamar kullum, ba magini da zai taɓa ta. A fara aikin cikin makon nan.

Na san abin da ke ƙarƙashin maganar yaron, ba ƙamus ba ne. Ana cewa mai takardar NCE ya tafi Turai yana leburanci. E, tumatir nake tsinka a gidan gilashi, a wani yanki da ake kira Westland. A wurin aikin babu wanda ke ƙasa da ni. Ba na jin kunyar faɗa. Da wannan tumatir aka yi wa Inna aikin ido, da shi aka aurar da ƙanwarmu, ban roƙi kowa ba, ban ci na kowa ba. Wanda ke da abin da ya fi wannan ya kawo a gani.

Aikin ba wuya sosai. Ina tashi da asuba in hau keke, bayan ne kawai ke ɗan damuna, shi ma da sauƙi. Yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, to barcin ba ya yawa tsakanin isha'i da asuba. Ranar Sallah na je idi na wuce aiki. Da daddare na yi tuwon semo, ba kuka, ba daddawa, na ci ni kaɗai. Ka roƙar mini gafarar Inna kan ragon bana da ban saya ba. Na auna rago da katanga, na zaɓi katanga, amma har yanzu abin na cina. Shekara huɗu ke nan ban durƙusa a gabanta na gaishe ta ba.

Sai Auta. Kuɗin rajistar jarrabawa da na tura a Janairu, an ce waya ya saya da su, kuma a gabansa aka faɗa wa Inna waccan magana bai ce uffan ba. Kai ne babba, kai ne a madadin Baba, Allah Ya jiƙansa. Ka kira shi ɗaki ka yi masa magana, ba a gaban yara ba. In ya sake zama jarrabawar zan biya, amma kai za ka je ka biya da hannunka, ka turo mini hoton rasit.

Shi kuwa ɗan maƙwabcin kada a yi faɗa da shi, mahaifinsa ya yi mana kirki lokacin jinyar Baba. Ka dai nuna masa wannan takarda.

In kuɗin sun shiga ka sanar da ni. 250 katanga, 100 magani, 50 mai unguwa. In simintin ya tashi ka faɗa mini nawa ya rage, kada ka taɓa na maganin. Ka ɗauko mini hoton katangar in an kai rabi, da na Inna a zaune a ƙofar ɗakinta. Ka gaishe da Gwaggo, da matarka da yara, da liman.

Ƙaninka.