Zuwa ga Sani, kafin ruwa ya sauka

Sani,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan alhamdulillahi, sai ƙafar nan da ka sani, ita ma da sauƙi tun da sanyi ya wuce.

Wata huɗu ke nan da aka sallame ka daga aikin soja, ba ka tako gida ba. Na yi shiru, na ce a bar yaro ya huta. To shekaranjiya matarka ta yi waya da innarka, suka daɗe, innarka ta fito tana share ido. Kada ka ga laifin yarinyar nan, ni na matsa sai da aka faɗa mini. An ce ba ka barci. An ce a bakin ƙofa kake kwana zaune, bayanka jingine da bango, kuma ko salansar babur ce ta buga a titi sai ka zube ƙasa. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba, don na san shi. Abin da ya hana ni sakat shi ne ƙwayar da ta tsinta a aljihun wandonka.

Tiramol, Sani? Kai?

Ban taɓa ba ka labarin Laberiya ba, kuma na san ka riƙe ni da wannan. Ina da shekara 23 aka sauke mu daga jirgin ruwa a tashar Monrobiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Agustan 1990, ni da kafin na sa kaki ban san komai ba sai fartanya da bin shanun huɗa. Sati biyu da saukarmu mutanen madugun 'yan tawaye Prince Johnson suka kama shugaban ƙasar, Samuel Doe, a cikin wannan tashar. Da aka sake mayar da mu, a Oktoban 1992 mayaƙan Charles Taylor, wani madugun 'yan tawayen, suka afka wa birnin. Da yawansu yara ne, 'yan shekara 12 ko 13, bindigar ta kusa fin su tsawo, wasu da gashin mata na kanti a ka. An ɗirka musu ƙwaya, idanu jajur. Akwai wani da ya miƙo kan shingenmu yana dariya, ina daka masa tsawa ya tsaya, bai ma san ana magana ba. Takalmin roba ne a ƙafarsa, wari ɗaya. Ba zan rubuta sauran ba. Allah ya sani, ni ma na sani, kuma kowace sallar asuba ina neman gafara.

Tun daga ranar na san abin da ƙwaya ke yi wa ɗan Adam. Tsoro take fara ɗaukewa, shi ya sa take da daɗi, daga nan ta ɗauke kunya, ta ɗauke tausayi. Ka kuma san yadda Kawunka Ado ya ƙare, tare muka dawo da shi a mota ɗaya. Kana nan ranar da aka ɗauko shi. Yanzu so kake innarka ta sake ganin irin wannan, a kan ɗan da ta haifa? Shekara takwas ka yi a Barno, tun ana kiran rundunar yaƙi da Boko Haram Lafiya Dole har aka sauya suna zuwa Haɗin Kai a 2021, nakiya ba ta ci ka ba, harsashi bai ci ka ba, sai ka dawo ka miƙa wuyanka ga abin da ake sayarwa a leda? Wallahi ban haifi ɗan da zai yi haka ba. Kana da 'ya'ya biyu suna kallon ka.

Innarka ta ce laifina ne, ni na sa hannu a takardar shigarka. Na sa. Damina biyu a jere ta ƙi mu, ga ƙannenka biyar, me zan ce maka? Na kuma san na yi muku zafi kuna yara. Dukan da na yi maka a kan ɗan akuyar nan bai kai laifinka ba, kuma yau na faɗa da bakina. Lokacin ni ma ba na barci. Ruwa in ya sauka a kan kwano sai in ji kamar an buɗe mana wuta, in fice cikin dare in tafi gona. Kakanka bai taɓa tambayata komai ba. Da sassafe sai ya biyo ni da fartanya biyu, mu kama kunya ɗaya ɗaya har rana ta take. Gajiyar nan ce ta fara ba ni barci, bayan kusan shekara biyu.

Ba na ce gona kaɗai za ta warkar da kai ba. A zamaninmu wanda ya ce yana mafarkin yaƙi sai a ce rago ne, ko a ce ya taɓu. Yanzu akwai likitocin da aikinsu ke nan, sun san ciwon, kuma sun san yadda ake raba mutum da ƙwaya a hankali, don yanke ta farat ɗaya ma yana da haɗari. Ka je. In kunya kake ji, ni zan raka ka, in zauna a benci in jira. Kada ka jira wani ya tuna da kai. Ran 15 ga Janairu za a yi fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a ce 'yan mazan jiya, washegari kowa ya koma harkarsa.

Gonar gabas na nan, ban ba kowa aro ba bana duk da Malam ya yi magana har sau biyu. An kai taki, shanun ma sun yi ƙiba. Ka taho da matarka da yaran kafin shuka. Ɗakin kakanka na gyara maka, ƙofarsa tana kallon tawa. In dare ya yi maka tsawo ka ƙwanƙwasa, galibi idona biyu.

Innarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka