A leƙa cikin saiwar hatsinmu

Malam Edita,

Saiwa na gane takin naitiret cikin ƴan mintuna: sinadarin kalsiyam ya ƙaru a ƙwayoyinta, wannan ya zama saƙo ga shuka, ta shirya tsotsar takin. Yanzu ana ganin wannan da ido. Ana sa wa shuka furotin GCaMP, mai ba da haske idan ya haɗu da kalsiyam, a haska ta da shuɗin haske ƙarƙashin madubin ƙara girma. Inda kalsiyam ya taru sai ya yi kore.

Taɓa saiwa kawai na tada kalsiyam, don haka a bar ta ta huta kafin a zuba taki, in ba haka ba sakamakon ya ɓaci. Haske mai yawa kuma na dusashe koren.

Galibin aikin a kan Arabidopsis, wata ƴar ƙaramar ciyawa da masana ke gwaji da ita, aka yi. Muna roƙon INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da Jami'ar Abdou Moumouni su gwada da hatsinmu, mai fama da jigawa mai ƙarancin fosfaras, wani sinadarin da shuka ke buƙata.

Masu binciken tsirrai, Yamai